Faker, manhajar ƙirƙiro Wane da Wance: abin da ta iya da inda take kasawa

Bahaushe idan zai kawo misali ba tare da ya ambaci kowa ba, sai ya ce Wane ya ranci kuɗi wurin Wane, ko Wance ta aurar da 'yarta. Ɗalibin nahawu a zaure ya saba da Zaidu da Amru, waɗanda malamai ke buga misali da su shekaru aru-aru. Larabawa suna da fulan, kalmar da ta zo a aya ta 28 ta Suratul Furƙan, kuma daga gare ta Sifaniyawa suka samo nasu fulano. A kotunan Ingila na dā ana ƙirƙirar John Doe da Richard Roe a shari'ar ƙwato fili, har dokar 1852 ta kawar da wannan tsari, amma sunayen suka rayu a Amurka, inda ake kiran gawar da ba a gane ba John Doe ko Jane Doe, kuma da sunan Jane Roe aka shigar da ƙarar zubar da ciki ta Roe v. Wade da kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1973. Jamus tana buga Erika Mustermann a kan samfurin katin shaida. Dukkan waɗannan sunaye suna da hali guda: da ka ji su ka san ba kowa ake nufi ba.

Mai rubuta manhaja yana buƙatar Wane shi ma, sai dai ɗaya ba ya isarsa. Wanda ke gina rajistar ɗaliban makaranta, ko tsarin katin asibiti, ko littafin bashi na ƙungiyar adashi, yana son mutum dubu biyar ko dubu hamsin a rumbun bayanansa kafin ya miƙa aikin, don ya ga ko bincike yana sauri, ko takardar sakamako tana fita daidai. Hanyar da mutane da yawa ke bi ita ce kwafo bayanan mutanen gaske a yi gwaji da su, wanda ganganci ne, kuma tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a watan Yunin 2023 ya zama abin da zai iya jawo wa kamfani hukunci. Wannan giɓin Faker ta zo cikewa, wato manhajar da ke ƙirƙiro sunaye da adireshi da sauran bayanan ƙarya don gwaji.

Wadda muke magana a kanta ita ce ta Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, wadda Daniele Faraglia ya fara, kyauta ce, a ƙarƙashin lasisin MIT. Tana da 'yan'uwa a PHP da Ruby da JavaScript, kuma a nan akwai abin lura ga wanda zai ɗauko ɗaya daga cikinsu. Tsohuwar ta JavaScript mai suna faker kawai, mai ita Marak Squires ya goge abin da ke cikinta a watan Janairun 2022 ya saki siga ta 6.6.6 wadda ba ta aikin komai. Wadda ake kula da ita yanzu ita ce @faker-js/faker. Ta PHP ma mai ita ya rufe ta a 2020, aikin ya koma FakerPHP. Duk wanda ya bi tsohon darasi a intanet ya girka tsohon suna zai sha wahalar banza.

Girkawa layi ɗaya ne, pip install Faker. Daga nan sai from faker import Faker, sai fake = Faker(), kuma duk lokacin da ka kira fake.name() sabon suna zai fito. Haka fake.address() da fake.email() da fake.date_of_birth() da sauransu masu yawa. Wanda ba ya son rubuta komai yana iya buga faker -r 10 name a tashar umarni ya samu sunaye goma nan take. A wannan mataki babu abin kushewa, mai koyo ma zai iya cikin minti biyar, kuma bayanan da aka rubuta a kanta a bayyane suke.

Abin da ya fi burge mu shi ne lambar iri (seed), wato lambar da ke tsayar da jerin abin da za ta zaɓo. Idan ka rubuta Faker.seed(4321) kafin ka fara, jerin sunayen da za su fito yau su ne za su fito gobe, su ne za su fito a kwamfutar abokin aikinka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gwajin da ya faɗi sau ɗaya a kan wani suna sannan aka kasa sake samo sunan, ba a iya gyara shi. Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Na farko, kiran fake.seed() a kan abin da ka ƙirƙira maimakon a kan Faker kanta, kamar yadda tsofaffin darussa ke nunawa. Sababbin sigogi suna ƙin wannan su jefo kuskure, abin da ake so shi ne Faker.seed() ko fake.seed_instance(). Na biyu ya fi ɓoyuwa. Masu manhajar suna ƙara sunaye suna cirewa daga siga zuwa siga, don haka lambar iri ɗaya ba ta ba da sakamako ɗaya bayan sabuntawa, kuma su da kansu sun faɗi haka. Idan gwajinka ya dogara da cewa suna na uku shi ne kaza, ka ɗaure lambar sigar daidai a fayil ɗin requirements.txt. Gara ma kada gwajin ya dogara da takamaiman suna tun farko.

Sai maganar maimaici. Mutane suna mamakin ganin suna ɗaya ya fito sau biyu cikin layi ɗari biyu, alhali lissafi ne kawai. A ce kana da sunayen yanka 100 da sunayen uba 100, haɗinsu 10,000 ne, amma kafin ka ciro kusan 118 yiwuwar samun biyu iri ɗaya ta kai rabi. Faker tana ƙara wa abin sauri a sunayen Amurka, domin tana fifita waɗanda suka fi yawa a rayuwa, sai ka rubuta Faker(use_weighting=False) kafin ta daina, kuma hakan yana sa ta ƙara gudu. Maganin da ta tanada shi ne fake.unique.name(), wanda ke riƙe duk abin da ya riga ya fito. Yana aiki, amma yana da iyaka: idan ya gwada sau 1,000 bai samu sabo ba sai ya tsaya da UniquenessException. Wanda ya nemi sunan yanka dubu biyar marasa maimaici zai ci karo da wannan da wuri, don jerin bai kai haka ba. Sannan abin da ya riƙe yana taruwa a ƙwaƙwalwar kwamfuta har sai an kira fake.unique.clear(). Ra'ayinmu shi ne a bar unique ga imel da lambar rajista, a ƙyale sunaye su maimaitu. A ajin firamare ɗaya a Kano za ka iya samun yara uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma manhajar da ba a gwada ta da irin wannan ba za ta haɗe sakamakon jarrabawarsu ranar da aka fara aiki da ita.

Bayanan da take bayarwa ba su san juna ba, wannan ma a sani. Umarnin fake.simple_profile() yana ba da suna da jinsi da suka dace, amma imel ɗin da sunan shiga na wani ne daban. Ranar haihuwa tana iya nuna jariri ko ɗan shekara 115 idan ba ka sa minimum_age da maximum_age ba. A adireshin Amurka, garin ƙirƙirarre ne, kuma lambar gidan waya ba lallai ta dace da jihar ba. Sannan fake.name() wani lokaci yana maƙala Dr. ko Mrs. a gaba, ko MD a baya, don haka wanda ke raba suna gida biyu ta wurin tazarar tsakiya zai ga Dr. ya zama sunan yanka. Idan gurbi biyu kake cikewa, kira first_name() da last_name() daban.

Yanzu ga inda muka fi damuwa, wato sunayenmu. An gina Faker a kan tunanin cewa mutum yana da sunan farko da sunan dangi, kuma idan ba ka zaɓi ƙasa ba Amurka take ba ka. Ko ka zaɓi wata ƙasa, duk abin da babu shi a jerin ƙasar sai ta cike da na Amurka ba tare da ta tsaya ta gaya maka ba. Mai aiki a Maraɗi ko Damagaram zai yi zaton fr_FR za ta yi masa, sai ya samu sunayen mutanen Faransa, ba Ousmane da Aboubacar da Mahamadou da ke cikin takardun Nijar ba. Saitin ar_SA yana da amfani wajen gwada rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, amma sunayen Saudiyya ne. Sunan Bahaushe kuwa ba ya bin wancan tsari. Suna na biyu galibi na uba ne, don haka na namiji ne ko da mai sunan mace ce. Na uku yana iya zama na kaka, ko na gari ko unguwa, ko sana'a, ko sarauta. Akwai sunan rana kamar Ɗanladi da Talatu da Jummai da Asabe, akwai Hasan da Husaini na tagwaye da Gambo mai bi musu, akwai wanda aka sa wa sunan kakansa ake kiransa Abba har takardunsa suka ɗauka. Wannan ba abu ne da jerin sunaye biyu zai kama ba.

Abin da ya ceci Faker a nan shi ne ta bar ƙofa a buɗe. Kana iya rubuta naka ajin da ya gaji BaseProvider, ka zuba jerin sunayen maza da na mata da na garuruwa, ka yi amfani da self.random_element() wajen zaɓa, sannan ka haɗa shi da fake.add_provider(). Ga jeri mai sauƙi akwai DynamicProvider, wanda suna da jeri kawai yake buƙata. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma shi ne awa mafi riba a duk gwajin. Shawararmu ita ce sunayen maza kamar 150, na mata kamar 150, garuruwa da unguwanni 50, a sa kashi ɗaya cikin uku su zo da suna uku, a bar wasu kaɗan da suna ɗaya tak, a kuma saka rubutu daban-daban na suna guda, Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman, domin haka suke a fom na gaske.

Kada a manta da haruffa masu ƙugiya da alamar ɗauri, don su ne ke tona asirin manhaja. Suna kamar Sa'adatu ko Mu'azu ko Rabi'u yana karya umarnin SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, idan an haɗa shi da hannu, kuma fom da yawa suna ƙin karɓarsa da cewa haruffa kawai ake so. Alamar kanta iri-iri ce, akwai miƙaƙƙiya ta allon kwamfuta, akwai lanƙwasasshiya da waya ko Word ke sakawa, kuma a wurin kwamfuta haruffa ne daban, don haka bincike ba ya haɗa su. Ƙ da ɗ da ɓ suna komawa alamar tambaya a rumbun da aka saita da latin1 maimakon utf8mb4. Idan aka jera sunaye da lambar harafi kawai, Ɗanlami yana faɗawa ƙasan Zainab. Dabarar da ake cire wa é na Faransanci alamarsa ta koma e ba ta aiki a kan ƙ, domin a tsarin Unicode harafi ne mai zaman kansa da ba ya rabuwa, sai ka rubuta teburin musanya da hannunka idan kana son wanda ya buga Danlami ya samu Ɗanlami. Najeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ, a gwada duka biyun. Har a saƙon tes abin yana da tsada: harafi ɗaya mai ƙugiya yana sauke iyakar saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, sai saƙon da aka yi wa kasafin ɗaya ya koma biyu ko uku. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sunayen Amurka za su nuna maka. Idan za a buɗe sakamakon a Excel, a ajiye fayil ɗin da utf-8-sig, a kuma shigo da gurbin lambar waya a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin farko zai ɓace.

Babban aibin Faker yana cikin abin da ta fi iyawa. Wane yana shelar cewa shi ba kowa ba ne. Sunan da Faker ta haɗa kuwa kamar na gaske yake, kuma kusan tabbas akwai mai shi a wani wuri. A imel sun yi hattara: fake.email() da fake.safe_email() suna ƙarewa da example.com ko example.org ko example.net, waɗanda aka keɓe tun 1999 don misali, saƙo ba ya isa ga kowa. Amma fake.free_email() yana ba da adireshin Gmail da Yahoo da Hotmail, kuma shi ne simple_profile() ke amfani da shi, wanda mutane da yawa ba su lura ba. Ranar da aka kunna tura saƙo a sabar gwaji, wato kwamfutar da ake gwada manhajar a kanta, baƙin da ba su san hawa ba balle sauka za su samu takardar bashi. A lambar waya, saitin en_GB yana amfani da lambobin da hukumar Ofcom ta Birtaniya ta ware don wasan kwaikwayo, irin masu farawa da 07700 900, wanda abin yabo ne. Amma idan ka haɗa lambar Najeriya da kanka da fake.numerify('0803#######'), ka sani layin wani ne kake ƙirƙirowa. Haka lambar NIN ko BVN mai lamba 11. A cire hanyar tura tes da ta tantance shaida daga sabar gwaji gaba ɗaya, ko a karkatar da komai zuwa layi ɗaya na ofis. Lambar katin banki da take bayarwa tana cika sharaɗin lissafin Luhn da fom ke dubawa don gane lambar da aka buga ba daidai ba, amma ba don gwada biyan kuɗi aka yi ta ba. Kamfanonin karɓar kuɗi suna da nasu katunan gwaji, su za a nema.

Saboda wannan kamanni ne muke ganin wajibi ne kowane layi na ƙarya ya ɗauki tambari. A ƙara gurbi ɗaya a tebur mai nuna na gwaji ne, ko a sa lambar rajistarsu ta fara da GWAJI. Bayanan gwaji suna da halin zamewa su shiga rumbun gaske, kuma idan suka cakuɗe da mutanen gaske a jerin albashi ko na masu karɓar tallafi, babu mai iya tsince su da ido. A hoton talla ko littafin koyar da ma'aikata kuwa, inda mutum ɗaya ko biyu kawai ake buƙata, Malam Wane da Malama Wance sun fi duk abin da Faker za ta bayar. Haka ɗan jarida da ke son sakaya sunan wadda aka yi wa fyaɗe ko wanda ya tona asiri: cikakken suna mai kama da na gaske yana iya faɗawa kan wata baiwar Allah a garin da ba ruwanta. Suna ɗaya tak, tare da faɗa wa mai karatu cewa an sakaya, ya fi aminci.

Akwai kuma masu ɗauko rumbun gaske su musanya sunaye da na Faker su ce sun ɓoye mutane. Ba su ɓoye ba. Latanya Sweeney ta nuna a binciken da ta fitar a 2000 cewa kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen Amurka ana iya gane su da abu uku kacal, lambar yankin gidan waya da jinsi da ranar haihuwa, ba tare da suna ba. A ƙauyen da ungozoma ɗaya ce, ko makarantar da malamin lissafi ɗaya ne, gurbin sana'a kaɗai ya isa. Sannan sunan gaske yana nan kwance a wuraren da ba a duba ba, cikin bayanin da likita ya rubuta da hannu, da sunan fayil ɗin hoto, da gurbin magaji. Faker ba ta san da waɗannan ba, ba kuma aikinta ba ne. Idan dole sai an bi wannan hanya, a mayar da ranar haihuwa shekara kawai, a mayar da unguwa ƙaramar hukuma, a goge rubutun hannu gaba ɗaya. Kuma don mutum ɗaya ya samu sunan ƙarya ɗaya a duk teburori, ana ciro lambar iri daga lambar rajistarsa a ba seed_instance(). A nan kada a yi amfani da hash() na Python, domin sakamakonsa a kan rubutu yana canjawa duk lokacin da aka sake kunna shirin. A yi amfani da hmac da mabuɗin sirri da aka ajiye a wani wuri daban, don kada wanda ya samu fayil ɗin ya iya komawa baya ya gano waye waye.

Ga masu aiki da pytest, manhajar gudanar da gwaje-gwaje a Python, da zarar an girka Faker akwai faker a shirye da za a saka a kowane gwaji, kuma ana mayar da lambar irinsa sifili kafin kowanne, abin da ke sa gwaje-gwaje biyu su fara da suna iri ɗaya. Idan suna rubutu a rumbu guda mai hana maimaici, na biyun zai faɗi, kuma mutum zai daɗe yana neman laifin a inda ba ya nan. Ana gyara shi da faker_seed ko da share rumbun tsakanin gwaji da gwaji. Masu aiki da Django, tsarin gina shafukan intanet a Python, kuma za su same ta a cikin factory_boy, manhajar haɗa bayanan gwaji, inda factory.Faker('name') ke yin aikin, kuma ajin sunayen Hausa da ka rubuta yana shiga can ma ta factory.Faker.add_provider().